Shekarar da Hunhuna ta Ci Irin Surukina

Bana marka ta yi kwana biyar ba mu ga rana ba. Ran na shida da hantsi na je ɗauko kayena, littafin rubutun da nake zuwa da shi ajin yaƙi da jahilci, wanda na jingina a bayan randa, sai na tarar bangonsa ya yi wani toka-toka mai gashi. Ban san lokacin da na kai shi hanci ba. Nan take yawu ya taru mini a baki, na fita na tofar a gindin zana. Mariyama matata tana tsince rama a rumfa, ta dube ni ta ce, "Malam, ko shekarar Baba ce ta dawo?" A duk gidan nan ni da ita kaɗai muka san abin da take nufi.

Hunhuna ce, wadda mutanen kudu ke ce wa funfuna. Kowa ya san ta a kan tuwon da ya kwana biyu. Ni sanin da na yi mata ya wuce nan, don na yi kwana da kwanaki ina shiga ɗaki ɗaya da ita.

Shekara ashirin da 'yan kai ke nan. Daminar da ta gabaci wannan, tsutsa ta shiga zangarniya, hatsin da muka ɗaure bai kai mu bazara ba. Rumbunmu ya koma wurin fakewar kaji. A ranin nan mahaifina ya rasu, gida ya rage daga ni sai Inna sai Mariyama, wadda ban cika shekara da aurowa ba. Da cikinta ya tsufa aka zo aka tafi da ita goyon ciki gidansu, wani ƙauye a bakin fadama wajen Gazawa, tafiyar rabin yini a ƙasa daga namu.

Tiya ɗaya ta hatsi muke ja kwana uku. Da safe Inna ta surfa ɗan abin da ta ɗiba, ta wanke, ta dama kunun da kana hango gindin ƙwarya ta cikinsa. Da rana tafasa ce da rama, a dafa, a matse, a barbaɗa ƙuli-ƙuli in akwai, in babu gishiri ya wadatar. Ruwan wankin surfen nan, ƙasari, a shekarar ƙoshi awaki ake zuba wa. A waccan shekara rabawa ake yi. Akuyarmu guda ɗaya ta sha rabi, rabi kuma Inna ta rufe shi ya yi tsami mu kurɓa da yamma.

Ruwa kuwa ya zo kamar yana biyan bashin bara. In ba a zuba kamar da bakin ƙwarya ba, to yayyafi ne mai naci, daga safe har yamma. Itace ya jiƙe, wutar girki sai hayaƙi da hawaye. Rigar da ka wanke ran Lahadi ran Laraba ma da danshinta za ka sa. Tsakanin yatsun ƙafa ya yi fari yana ƙaiƙayi. Kowace safiya sai ka ji katangar wani ta zube. Hatsi a gona ya yi kore shar, abin sha'awa a ido, amma tsakaninsa da ciki akwai wata biyu.

A cikin wannan hali Baba Nomau ya zo, surukina, mahaifin Mariyama. Gajeren mutum ne, ƙafarsa ba ta rabuwa da laka, maganarsa kuma ƙasa-ƙasa, kamar yana jin tsadarta. Yana da wani irin tumatir da ya gada wurin mahaifinsa, ƙanana masu kaurin fata, waɗanda in an yanka an shanya kauɗarsu ba ta baƙi. Ba a sayar da irin a kasuwa. Masu lambun fadamar duk wurinsa suke karɓar dashe. Al'adarsa shi ne ya zuba iri tun marka ba ta ƙare ba, don ruwa na ɗaukewa dashensa ya isa, ya riga kowa. A shekarar ya zuba kamar kullum, fadama ta cika ta tafi da fangalin gaba ɗaya. Abin da ya rage masa a duniya tsumma ɗaya ne, iri ya bushe a jikinsa. Ɗakunansa na ciyawa ne, duk suna yoyo. Sai ya tuna ɗakin mahaifina soro ne, kuma ba kowa a ciki.

A zaure na same shi. Na tuɓe takalmi, na tsuguna daga nesa, na sunkuyar da kai. Haka ake yi. Ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa fara masa magana ba. Ya kwance tsumman daga cikin hularsa ya ajiye tsakaninmu, ya fara bayani. Na ji "ƙasa mai laushi". Na ji "kar ya nutse". Na ji "ka rufe da jiƙaƙƙen buhu har ya fito da kai". Daga nan ruwa ya ƙaru, indararon zaure ya shiga zuba a kan wata tsohuwar tasa, ina jin muryarsa amma ba na tsintar kalma. Ya daɗe yana magana. Duk inda ya numfasa sai in ce, "To, Baba."

"Ka gane?" in ji shi.

"Na gane, Baba."

"In dashen nan ya yi, in yanka maka gefe a lambu. Bana ba sai ka tafi ci-rani ka bar mai jego ba."

Yanzu mijin ɗiyata yana kira na ta salula yana kwance, ina jin hammarsa, ya tambaye ni nawa ake sa taki a fangali, in bai ji ba ya ce in maimaita. Ni a lokacin da in ce wa Baba Nomau ya maimaita, gara in haɗiyi tsumman.

Ranar na tattaro tsofaffin kwanoni huɗu da fasassun ƙore biyu. Da na tsaya tunanin inda ƙasa ta fi laushi da ƙarfi a gidanmu, sai na nufi turken akuya. Na kwaso ta da danshinta da kashinta da fitsarinta, na cika, na murje tsumman a kai, na barbaɗa ƙasa, na lulluɓe da buhun da na tsoma a ruwa. Na jera su a ɗakin mahaifina, kusa da buzunsa na salla da ba mu taɓa ba tun rasuwarsa.

Inna ta shigo ta duba. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunana.

"Kai wanga, haka za ka bar taga a buɗe?"

"Don haske, Inna."

"Haske ko idon mutane? Gari kowa cikinsa na kuka, a ji kana da abin da zai zama abinci? Baki ɗaya ya isa ya ƙone shi. Ba ka ga yadda aka yi wa kabewar Tabawa ba, ana ta yabo har ta ruɓe a uwarta?"

Ta kawo tsummoki ta cusa a tagar, ta danna da muciya. Ƙofa kuma ta ce kar a buɗe sai in za a ba da ruwa, a shiga a rufo. Ban ga laifin wannan ba. Ga kaji, ga akuya, ga kuma bakin da take faɗa, wanda ni ma ba zan ce ban yarda da shi ba.

Kwana huɗu na ɗaga gefen buhu na haska da ashana, na ga 'yan kawuna sun fasa ƙasa, a lanƙwashe, ba iyaka. Na mayar da buhu na fita ina murna. Ranar har waƙa na yi a wurin maimai.

Kwana shida na ga wani fari-fari a gefen ƙwarya ɗaya, siriri kamar saƙar gizo-gizo da raɓa ta kwanta a kai. Na sa yatsa na share. Washegari ya dawo, ya ninka, ya haye sauran. Ɗakin ya fara wani wari, irin na gorar fura da aka manta a rufe, haɗe da na turke, haɗe da wani abu mai zaƙi-zaƙi da ya fi su duka tayar da zuciya. Na ɗauko cokali na kankare saman ƙasar, abin yana naɗewa a jikin cokalin kamar majina. Sai na ce a raina wataƙila iska ce ke shigo da shi ta ƙarƙashin ƙofa. Na ƙara buhu na biyu a kan na farko.

Daga nan launi ya fara sauyawa. Farin ya koma toka-toka, wani wuri kore, wani wuri baƙin ɗigo-ɗigo kamar an watsa barkono. Ƙananan ƙudaje suka ɓullo ban san daga ina ba, in na ɗaga buhu su tashi su shige mini hanci. Tsiron ya yi tsawo, fari sol, ba jini a jikinsa. In ka duba gindinsa sai ka ga ya tsuke ya yi ruwa-ruwa kamar an murza shi da farce, da safe yana tsaye, da yamma ya kwanta. Abin ya bar kwanoni ya kama bango. Ya kama buzun mahaifina, gashin tunkiyar ya yi wani gashi a kansa.

Warin ya bi ni ko'ina. Yana cikin rigata, yana ƙarƙashin farcena ko na wanke da toka. Ga yunwa tana murɗa hanjina, Inna ta ajiye kwaɗon rama a gabana, in kai loma baki sai in ji ɗakin nan a cikinta. Akwai ranar da na ture kwano na tashi, a shekarar da mutane ke tonon gidan tururuwa neman ƙwayar hatsi.

Ɗan Ladi, ɗan kawuna, taubashina ne, gonarmu iyaka ɗaya. Ya biyo ran nan da hantsi mu tafi gona, ya tsaya a tsakar gida yana buɗa hanci.

"Habu, wa kuka kashe kuka ɓoye?"

Na ja shi gefe na roƙe shi ya rage murya. Tun da ya riga ya ji, na shigar da shi na rufo ƙofa, na kyasta ashana na ɗaga buhu. Ya leƙa, ya ja baya ya toshe hanci da hula.

"Allah ya ba ka nasara. Kaf ƙasar nan ba wanda ya taɓa noman auduga a cikin ɗaki sai kai. Ka kai Agiye ran kasuwa, masu katifa za su yi rububi."

"Bar wasa, Ɗan Ladi. Mi zan yi?"

"Ni na sani? Ni da ko albasa ban taɓa shukawa ba. Je ka gaya wa tsohon."

"Da wane baki?"

"Da wanda ka ce a ba ka ɗiyarsa."

"Ai ba ni na ce ba, kawu ya ce."

"To tura kawu," in ji shi, ya fita yana kakarin amai na gangan.

Ban je ba. Kowace safiya sai in ce bari in ga gobe, ko abin zai ja baya in je da labari mai daɗi. Wani mai jaki daga ƙauyensu ya biyo ta garinmu ya ce Baba na tambayar dashe. Na ce a gaya masa lafiya lau.

Kwana goma ruwa ya koro ni daga gona tun kafin azahar. Na shigo na ga ƙofar ɗakin a sakaye. Na tura. Inna na tsugune da ƙwarya a hannu, tana tsiyaya wani abu fari-fari a kan buhun, a hankali, kwano bayan kwano.

"Inna, ƙasari ne?"

"Mi ka gani?"

"Ai ina ba su ruwa da safe."

"Ruwan rijiya. Mi ke cikin ruwan rijiya? Kai in ka sha shi ƙoshi kake?" Ta girgiza ƙwaryar don gari-garin da ya kwanta ya taso, ta juye sauran. "Dubi akuyar can, kwana goma ba ta ɗanɗana ba. Iri na mutane ne. Ba za a ce an kawo amana gidanmu ta rame ba."

Sai a lokacin na tuna tun ranar da na zuba irin ba mu ƙara kurɓar ƙasari da yamma ba. Na ɗauka hatsin ne ya ragu. Na dubi wuyanta a ɗan hasken ƙofa, ƙasusuwan sun fito kamar a rataya guga. Ni kaina ban tabbata ƙasarin ne ke kawo abin ba, zato ne kawai.

"Da a rage, Inna. Kin ga farin nan."

"Maiƙo ne. Nono in ya kwana ba ya yin fari a sama? Fita ka rufo ƙofa, kana shigo da ido."

Na fita na rufo ƙofa.

Kwana goma sha ɗaya, ana yayyafi, na ji sallama a zaure. Baba Nomau ne, ya ɗaure jakinsa a gindin itacen bedi, ya yafa buhu a ka. Na tsuguna na gaishe shi, na ja gaisuwar iya tsawonta, har kajin gidansu na tambaya. Ya ce Mariyama lafiya, ƙafa ce kawai ta ɗan kumbura.

"Mu ga dashen."

"Baba, ku sha ruwa tukuna."

"Tun daga gida sama ke ba ni. Mu je."

Na wuce gaba. Na tura ƙofar na koma gefe. Warin ya fito kamar mutum, har jakin da ke waje na ji ya yi atishawa. Baba bai toshe hanci ba. Ya tsaya a bakin ƙofa har idonsa ya saba da duhu, sannan ya shiga, ya sa sandarsa ya tunkuɗe tsummokin taga waje. Haske ya faɗo a kan buhunan. Ni ma ranar na fara ganin abin sosai, ba da ashana ba. Buhun kansa ya yi gashi, ya manne da kwanonin. Da Baba ya ja shi sai ya taso da saman ƙasar, da matattun tsiro a jikinsa kamar gashin da aka aske aka zubar a kwata, wasu fararen tsutsotsi suna motsi a ƙasa.

"Wa ya toshe tagar?"

"Ni ne, Baba."

"Buhun fa, yaushe ka yaye?"

"Ban yaye ba."

"Na ce maka ranar da ka ga kai ya fito ka yaye buhu. Ka fitar da su rumfa su sha iska, sai in ruwa ya yi ƙarfi ka shigar. Na ce rairayi, kar ka kusanci ɗanyen taki. Na ce ruwa kaɗan, sai ƙasa ta nema."

"Kun ce, Baba."

"Ka ji?"

Na kafa ido a kan yatsun ƙafata. Ya jira. Mutum ne mai iya jira.

"Ban ji ba, Baba. Ruwa ne ya yi ƙara."

"Ka ce ka gane."

Ya tsuguna ya ɗebo ƙasar da hannunsa, abin da ni sai da cokali nake taɓawa, ya murza, ya shinshina.

"Tsamin nan ba na taki ba ne."

Daga bayan zana muryar Inna ta fito. "Malam Nomau, bar yaron. Tagar ni ce. Tsamin ma ni ce, ƙasari nake ba su kullum."

Baba ya juya wajen zanan, ƙasar na hannunsa.

"Uwar Habu, naki rabon kika zuba?"

"Da na akuya."

"Allah ya saka da alheri. Sai dai tumatir ba akuya ba ne."

"Ni hatsi na sani da wake. Da an gaya mini."

"Da an gaya miki," in ji shi, bai dube ni ba, kuma da ya duba da ya fi mini sauƙi. "Kina da kaskon tuyar gyaɗa?"

"Kasko na nan. Gyaɗar ce babu."

"Rairayi za ki soya mini, kamar za ki zuba gyaɗa. Ya yi zafin da hannu ba ya shiga, sannan a baza ya huce."

Busasshen rairayi a cikin marka sai ƙarƙashin rumbu. Na shiga da rarrafe na kwaso, kashin kaji a gwiwata. Inna ta tsuguna tana hura jiƙaƙƙen itace, idonta na zubar da ruwa, tana juya rairayi da sakaina. Baba ya sa na fito da kwanonin rumfa. Ya karyo tsinken tsintsiya, ya zauna dirshan a ƙasa, ya shiga bin tsiron ɗaya bayan ɗaya. Wanda gindinsa ya tsuke ya wuce shi. Wanda ya ga da sauran ƙarfi ya sa tsinke ya ɗago shi da saiwarsa, ya ɗauraye a ruwan rijiya, ya kwantar a kan faifai. Yawancin masu ran daga bakin ƙwarya ɗaya suka fito, inda ta fashe buhu bai rufe sosai ba.

Kowane kwano ya gama da shi sai ya tura mini da ƙafa. Ni ke kaiwa juji. Na uku na ɗauka a kafaɗa, gindinsa ashe ya huje, wani ruwa mai yauƙi ya biyo hannuna ya gangara hammata har cikin wando. Na ajiye na dafa kukar bayan gida na yi ta kakari, ba abin da ya fito sai ruwa rawaya mai ɗaci. Akuya ta biyo ni ta shinshina kwanon, ta juya ta tafi, ita da ke cin tsumma a shekarar.

Ashirin da uku ya tsinta, daga abin da ya kamata ya cika lambuna biyar. Ya jera su a ƙwarya ɗaya cikin soyayyen rairayi, ya barbaɗa toka kaɗan a sama, ya kifa faifai don yayyafi. Da zai hau jaki na matsa.

"Baba, in ɗauka muku."

"Ka ɗauki isasshe yau."

Ya ɗora ƙwaryar a cinyarsa. Bai yi maganar gefen lambu ba, ni ma ban sa rai ba. Har jakin ya fara tafiya sannan ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "In ka gama girbi ka zo. Akwai jan ruwa."

Buzun mahaifina ƙone shi muka yi, ni da Inna. Na kankare bangon da fartanya, na kunna kara a tsakiyar ɗakin, duk da haka sai da rani ya yi nisa kafin a iya kwana a ciki.

Ruwa ya ɗauke. Muka ci tumu, muka yi girbi, ciki ya dawo wurinsa. Mariyama ta sauka lafiya, ɗiya mace. Bayan suna na zauna a ƙauyensu, a bukkar lambu. Cikin dashen nan ashirin da uku, goma sha tara ne suka rayu. Baba ya kewaye su da ƙaya kamar rijiya, safe da yamma ina jan wasaki ina ba su ruwa yadda ya nuna da hannu. Masu lambun da suka saba karɓar dashe a wurinsa suna zuwa suna komawa hannu wofi, kowa ya wuce sai ya dube ni. Labarin ya riga ni isowa, aikin Ɗan Ladi ne. Mai auduga suke ce mini, har mata a bakin rijiya.

Da tumatir ya fara ja Baba ya ce ko ɗaya ba za a ci ba, duka na iri ne. Surukata ta roƙi guda biyu don miyar mai jego, ya hana. Ya bar su a uwarsu har suka yi luguf. Sannan ya tsinke da kansa, ya matse su a babbar ƙwarya, ya aika wa mata da fatun su yi miya. Ƙwaryar ya rufe da faifai ya ajiye a bukka. Ƙaya ta soke shi a ƙafa a ranar, wurin ya kumbura, don haka ya koma gida ya kwanta. Abin da ya ce mini kawai shi ne, "Ka kula da ita."

Kwana na uku da safe na ɗaga faifan. Fari ya rufe saman ƙwaryar daga baki zuwa baki, mai gashi, yana ɗan kumfa a gefe. Warin nan ne, shi ɗin dai, ba wani ba. Na ga hannuna ya riga ya ɗauko ludayi zai kwashe saman ya watsa bayan ƙaya kafin kowa ya zo. Na tsaya da ludayin a sama. Duk irin tumatir ɗin nan da ya rage a duniya yana cikin wannan ƙwarya.

Na ajiye ludayin. Na ɗora ƙwaryar a ka, na bi ta tsakiyar gari da ita, ina jin ruwan na motsi a bisa kaina. Baba na zaune a ƙofar gida ya miƙe ƙafa a kan tabarma. Na tuɓe takalmi, na sauke ƙwaryar a gabansa, na tsuguna.

"Baba, ina da tambaya."

Ya waiwaya bayansa kamar yana neman wanda ya yi maganar.

"Ashe kana tambaya. Na ɗauka 'to' kaɗai aka koya maka."

Na ɗaga faifan. Ya leƙa, ya tsoma yatsa ta cikin farin har ƙasa, ya murza iri tsakanin yatsunsa.

"Ya yi. Wagga hunhuna aikinta take. Ita ke cinye yauƙin da ke jikin iri, in ba ta fito ba iri ba ya wankuwa. Da ka kwashe ta jiya ka ɓata mini. Da ka bar ta jibi ya fara tsiro a ciki."

"To yaya ake gane ta kirki da ta banza, Baba? Warinsu ɗaya."

"Ɗaya ne. Kwana ake ƙirgawa." Ya ɗaga murya ya ce a kawo rariya da ruwa.

Ni na yi wankin, shi yana nunawa da sanda. A zuba ruwa, a juya, farin da dattin su taso a tsiyaye, iri mai kyau ya kwanta a ƙasa. Yana kallona ya jawo wani tsohon zane ya yage shi biyu, ya shimfiɗa ɗaya a gefensa, ɗaya ya tura gefena. Ni kuwa na ɗauke numfashi, na kawar da kai can wajen katanga, ina tsiyayewa da lalube.

"Juyo da fuskarka, Habu," in ji shi. "Rabin abin da ke zuba ƙasa naka ne."

Na juyo.